Injin da Na Tayar Kafin Mai Ya Hau

Da kakar bana aka cika shekara goma da muka binne yayana Dauda a bayan garin Dayi. Yawancin masu karatu ba su san shi ba, ba kuwa abin mamaki ba ne. Makaniken manyan motoci ne a Funtuwa, a zamanin da auduga ke da daraja, lokacin da layin motocin katako kan miƙe daga ƙofar gidan gurza har ya kusa kai hanyar jirgi. Na daɗe ina son rubuta wani abu a kansa, amma duk sa'ad da na ɗauki biro sai in ga ba zan iya yabonsa ba sai na faɗi abin da na yi masa.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara takwas. A garejin mishan da ke kusa da Malumfashi ya koyi aiki, sannan ya kafa rumfarsa a Funtuwa. Shi ya kai ni wurin wani ɗan kasuwa, wanda zan kira Alhaji kawai, ya tsaya mini har aka ba ni tuƙin ɗaya daga cikin motocinsa. Lokacin na yi aure, matata na da ciki na fari.

Yaya yana da wata ƙa'ida da direbobi ke yi masa tsiya a kanta. In ya sauke inji ya sake haɗa shi, ba ya yarda a tayar sai ya ga baƙin mai ya zagaya. Zai cika filta da mai, ya buɗe murfin saman inji, ya ja wayar da ke tsayar da gas don kada injin ya kama, sannan ya sa a yi ta murza makulli kaɗan-kaɗan. Shi kuma yana tsaye a kan taya, ya leƙa ciki, yana jiran mai ya ɓullo ta sama, allurar agogon mai kuma ta ɗaga. Wani lokaci abin kan ci rabin yini.

"Sabon haɗi a bushe yake, Iliya," haka yakan ce mini. "Man na can ƙasa a kwance. In ka ba shi wuta kafin ya hau, ƙarfe ne zai ci ƙarfe."

Shekarar da abin ya faru, motar da nake tuƙawa ce aka sauke injinta. Mako biyu Yaya ya yi a kanta. Ranar da ya ɗora injin, muka yi ta murzawa tun hantsi, amma allura ba ta motsa ba, sama kuwa ƙayau. Ya sauko ya goge hannu, ya ce yana zargin famfon mai iska yake ja, zai je cikin gari ya samo wani abu da zai liƙe bakin bututun da shi. Har ya hau babur, ya juyo ya ce, "Kar ka taɓa makullin nan sai na dawo."

Bai jima da tafiya ba sai ga Alhaji. An buɗe kasuwar auduga a Danja, buhunansa na zube, motocin wasu na ta lodi. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Direba, an gama ko kuwa in nemo wani mai mota?"

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe. Yaya ya ce in kun zo mu tashi."

Na rufe murfin, na mayar da wayar gas, na murza. Injin ya tashi da wata ƙara mai daɗi, har masu shayi na gefen rumfa suka ɗaga mini hannu. Ban kai mararrabar hanyar jirgi ba na fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, kamar ana dukan turmi da guduma. Kafin in sami wurin tsayawa injin ya buga.

A nan bakin titi Yaya ya iske mu, mutane sun taru. Alhaji na huci ya ce, "Malam Dauda, ƙanenka ya ce kai ka ce an gama."

Yaya ya dube ni. Ba dogon kallo ba ne. Sannan ya ce, "Haka ne, Alhaji. Ni na ce masa."



Alhaji ya kwashe motocinsa duka ya kai wani gareji. Kafin mako ya zagayo, babu tashar da ba a ji cewa Dauda ya haɗa inji ya buga tun bai bar gari ba. Mutanen da a da ke yi masa dariya don yawan taka-tsantsan, su ne suka koma cewa dama duk burga ce. Aiki ya yi ta raguwa har rumfar ta zama wurin da awaki ke fakewa. Ni kuwa aka ba ni wata motar, na ci gaba da tuƙi. Bayan damina Yaya ya kwashi iyalinsa ya koma Dayi, yana gyaran babura da injinan niƙa a bakin hanya. Nakan wuce ta gabansa da lodi, in danna ham, ya ɗago hannu. Sau da yawa na yi niyyar tsayawa in ce masa mu je wurin Alhaji in faɗi gaskiya, sai in ce bari sai na dawo. Shekara uku ina haka, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya tafi. Ko sau ɗaya bai ɗaga mini maganar ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga garejin yau. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyara sai tsofaffin da aka wanke aka sa a sabon kwali, baƙin mai kuma sai wanda ake aunawa a kwalba ba ka san abin da aka gauraya ba. Kwanan baya na tsaya a wani gareji a hanyar Zariya, na ga an ɗora inji an tayar nan take, ana taka totur har ƙasa wai don ya saki jiki. Na ce su bari mai ya hau tukuna. Maigidan ya yi dariya ya ce, "Baba, wa ke da wannan lokacin?" Ban san ko Yaya zai yi fushi ba. Na fi zaton zai tsaya ya kalla, ya hau babur ɗinsa ya tafi, don a ƙasar nan yanzu wanda ya tsaya ya yi aiki daidai shi ake gani kamar bai da wayo.

Bara na daure na je gidan Alhaji. Ya tsufa, motocin sun ƙare, saura ɗaya a ƙofar gida a kan duwatsu. Na durƙusa na ba shi labari daga farko har ƙarshe. Ya saurara, sannan ya ce, "Wane Dauda ke nan? Ka yi haƙuri, ɗana, makanikai da yawa sun yi mini aiki." Ya sa aka kawo mini ruwa.

Daga nan na wuce Dayi wurin matarsa, Rifkatu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ban kai rabin magana ba ta ce, "Na sani, Iliya. Tun ranar ya gaya mini. Ya ce kai ke da mai ciki a gida, in an kore ka ina za ka nufa." Ta ci gaba da ɓara. Can ta ƙara da cewa, "Amma ya jira ka. Duk ya ji ƙarar motarka daga nesa sai ya ajiye sifana ya miƙe."

To, me ya rage na Dauda? Rumfarsa an rushe an yi shaguna. Kayan aikinsa sun watse. 'Ya'yansa ba wanda ya ɗauki sana'ar. Direbobin da suka ɓata masa suna, wasu sun mutu, wasu sun manta, har ba sauran wanda zan je in wanke shi a gabansa. Abin da ya rage shi ne gidana, da 'ya'yana biyar da suka tashi da abinci da makaranta, ba su san a kan bayan wa suka hau ba. Jiya na tara su na karanta musu wannan takarda kafin in kai ta gidan jarida. Babbar, wadda aka haifa a shekarar, ta tambaye ni ko akwai hotonsa. Babu.