Zauren Yaya Lawali Mai Taya Biyu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawali, amma har gobe in na ga mota ta wuce tana jan karaban, ɗakin nan mai taya da Turawa ke tafiya hutu da shi, sai gabana ya faɗi. Ni ɗinki nake yi a Château Rouge, nan Paris. Shi kuwa a Vénissieux ya yi zamansa, gefen Lyon, yana aiki a wani babban sito, gidansa can ƙololuwar bene.

Mutuwar wani tsoho maƙwabcinsu ce ta birkita shi. Mutumin ya cika a ɗakinsa ba wanda ya sani, sai da wari ya game matakala sannan aka ɓalle ƙofa. Yaya ya kira ni ya ce, "Zali, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina salla ta nan, mutum yana ruɓewa ta can!" Na ce kai da kake da mata da 'ya'ya, me ya haɗa ka da wannan tsoro? Ya ce yaran za su tashi su kama gabansu, matarsa Habsu kuma a gida take son ta yi tsufanta. A Damagaram inda muka tashi, in Baba bai fito zaure ba, kafin hantsi unguwa ta cika gidanmu ana tambayar ko lafiya. A nan kuwa sai ka buga waya, a sa maka rana, ka danna lambar ƙofa, ka jira asansar, na'urar hawa bene. Abin da Yaya ke tsoro ke nan, ya faɗi a bayan ƙofa ba mai neman sa.

Ba a daɗe ba ya ce ya sayi karaban sabo dal. Yaran suka dinga tsalle, babbansu Nasiru har ya zaɓi bakin tekun da za a fara zuwa. Ni ma na rufe shago na hau jirgin ƙasa, don in ga abin da idona.

A filin bayan garejin wani amininsa bakanike aka kawo shi. Baturen da ya jawo shi ya jera shi tsaf jikin bango, ya shiga nuna murhu, da gado, da teburin da ake naɗewa, da wasu ƙafafun ƙarfe da ya ce dole a murɗo su ƙasa kafin kowa ya shiga. Ina! Yaya na can riƙe da waya yana juyi yana neman alƙibla. Bature na ba da baya ya tara maza suka tura karaban har bayansa ya dubi gabas yadda yake so. Daga nan ya ɗauko sukudireba ya shige.

Wallahi ban taɓa ganin ɓarna irin ta ranar ba. Gadon da ko ledarsa ba a cire ba, ya kwance shi ya miƙo waje. Tebur ya biyo baya, kujeru suka biyo. Habsu ta dafe kai tana salati, ni kuwa bakina a buɗe, na ce ko dai Yaya ya taɓu ne? Nasiru ya ce, "Papa, mais non! Haba Baba, tekun fa?" Yaya yana shimfiɗa tabarma, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Teku yana nan inda Allah ya ajiye shi. Wannan zaure ne."

La'asar ta yi, dattawan da ya gayyato suka tuɓe takalma suka shiga. Malam Isufu, wani Bamarade da ke ja musu salla, ya tsaya can ƙarshe, saura suka matsu a bayansa saboda wurin ba faɗi. Ƙafafun da Bature ya yi ta magana a kai kuwa suna nan a naɗe. Mu mata muna waje muna zuba shinkafa. Suna kai goshi ƙasa gaba ɗaya sai muka ji garam! Gaban karaban ya tashi sama, bayansa ya daki ƙasa, buta da kofuna suka gangara kan liman. Na yar da ludayi na kurma ihu, na ɗauka an hallaka dattawan Lyon a rana ɗaya. Amma ba wanda ya yanke salla, a karkace suka ƙarasa ta. Malam Isufu ya fito hula a hannu, ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji, zaurenka ma ya bi jam'i." Ranar Yaya ya sa aka cire tayoyin, aka ɗora karaban a kan bulo. Nasiru ya daɗe bai yi masa dariya ba.

Ni da na fi kowa zagin wannan sayayya, ni na ga amfaninta. Mutane suka saba, ba waya ba sa rana, ka zo ka yi sallama a ba ka shayi. In wani ya yi fashi, sai a tura a dubo shi.

Ranar da abin ya faru, Habsu tana Damagaram wajen mahaifiyarta, yaran kowa na inda yake karatu. Ba kowa a gidan sai shi. Da hantsi Malam Isufu ya zo zauren ya yi sallama, shiru, ya sake, shiru. Ya leƙa ya same shi jingine da bango, carbi a hannu, shayinsa ko hucewa bai yi ba. Ina kan keken ɗinki aka gaya mini. Na yi kuka har na gode Allah, amma wannan shayin da bai huce ba shi ne ya riƙa sanyaya mini rai.

Watan jiya Habsu ta kira ni ta ce Nasiru ya mayar wa karaban tayoyinsa ya ja shi. Raina ya yi mugun ɓaci. Wato yaron nan jira yake ƙasa ta rufe ubansa ya je tekunsa? Duk hanyar Lyon ina shirya abin da zan wanke shi da shi.

A gindin wani dogon bene na unguwar Minguettes, can Vénissieux, na same shi, durƙushe yana murɗo ƙafafun ƙarfen nan. Tabarmi a shimfiɗe, shayi a wuta, dattawa sun fara taruwa. Ya ce, "Gwaggo, Malam Isufu ƙafa ta ƙi, shi kaɗai ne a sama, ba ya iya zuwa gareji. Shi ya sa duk Asabar nake kawo masa zauren." Nan take na watsar da duk masifar da na ɗauko daga Paris.

Da Yaya na nan, na san sai ya yi faɗa kan tayoyin, don ba ya son a taɓa masa tsari. In ya gama kuma zai tuɓe takalmi ya shiga ya nemi wurin zama. Bai bar gida ba, bai bar fili ba, wannan ɗakin kwanon da al'adar a dubo wanda bai fito ba su ne abin da ya bari. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.

Ina tsaye aka sauko da Malam Isufu ana riƙe da shi. Ya kai bakin ƙofa ya ja ya tsaya, ya ce, "Nasiru, ka sauke masa ƙafafun?" Nasiru ya ce an sauke, Malam. Tsohon ya yi sallama da ƙarfi kamar mai zauren yana ciki, ɗan Yaya ya amsa masa.