Karar da na yi wa wanda bai san kara ba

Shekarun baya, ina aiki a wani ofishin bincike a Washington, inda muke nazarin abin da ke ƙarƙashin ƙasar duniyar Mars. Tauraron ɗan'adam ne ke kewaya ta, yana harba sigina da na'urar rada. Siginar takan ratsa ƙasa ta dawo, kamar yadda murya ke dawo maka idan ka leƙa rijiya ka yi magana. Aikina shi ne tace abin da ya dawo, in ware na duwatsun da ke saman ƙasa daga na can ƙarƙashi.

Wata takwas na yi a kan wani fili da kowa ya ce babu komai a cikinsa, har na gano shimfiɗar ƙanƙara binne a ƙarƙashin yashi. Da murnata na kai wa wani abokin aikina, dattijo mai furfura, don ya duba mini. Ya ce in bar masa.

Ranar taro sai ga hotunana a bango, shi kuma yana tsaye yana bayani, yana cewa shi ya daɗe yana zargin wurin. Shugabarmu ta yaba masa, sannan ta dubi sauranmu ta tambaya ko akwai mai ƙari. Wallahi maganar tana bakina. Amma ni an raine ni a kan ba a ƙaryata babba a gaban jama'a. Sai na sunkuyar da kai, har da ɗan murmushi, wai ni mai tarbiyya. Na ɗauka zai ji kunya ya gyara daga baya. Takardar binciken ta fito da sunansa a gaba, nawa kuwa yana can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa.

A jirgin ƙasan komawa gida, garin Woodbridge, zuciyata tafasa take yi, ban san da wa na fi fushi ba, shi ko ni. Na isa gida na zazzage wa matata komai, ina jiran ta ce in yi haƙuri. Ko hannu ba ta cire daga kwaɓin fulawar da take yi ba, ta ce, "Kara ana yi wa wanda ya san kara ne. Shi shirunka ya ɗauka ka yarda."

Na je na sami dattijon. Ya dafa kafaɗata ya ce ai da na yi magana a taron. Wannan ta fi satar ƙona mini rai, domin gaskiya ya faɗa.

Na bar ofishin tuni, amma har yau in na ga takardar sai raina ya ɓaci. Kwanan baya ina yaba wa ɗana a gaban baƙi kan wani zane, 'yata ta katse ni ta ce ita ta yi. Baƙin suka zuba mini ido, suna jiran in tsawata mata. Na ce ta ƙara faɗa da ƙarfi, na can baya bai ji ba.