Taragai Bakwai na SaNomvula

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, Mehluli Mlotshwa ya rasu a gidansa da ke unguwar Mpopoma, nan birnin Bulawayo, yana da shekara saba'in da takwas. Ya tafi ba a nemi gafararsa ba. Shekara talatin da takwas ke nan ƙungiyarmu ta masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa na kan tebur tana ajiye da ƙarya a kansa cikin littafin taronta. Babu wanda ya faɗi haka a bakin kabari, saboda haka ni zan faɗa.

SaNomvula, da sunan 'yarka muke kiran ka, da shi zan kira ka yau.

Ka tuna baje kolin 1987. Hadebe, wanda yau shi ne shugabanmu, lokacin sakatare ne mai sabuwar kwat. Ya dawo daga Johannesburg da sababbin ƙugiyoyin da ke haɗa tarago da tarago, da ƙananan noti masu ƙyalli na ɗaure su. Ka ɗauki noti ɗaya, ka murza tsakanin yatsu biyu, ka ce ya yi tsawo, zai huda gindin tarago ya tokare ƙafafun. Ya yi dariya ya ce, "Tsohon bakanike, wannan daga waje ya zo, ba daga bola ba." Ya ɗaure da hannunsa, ya matse har ƙugiyar ta daina juyawa. A kwanar farko, gaban baƙi da matansu, jirgin ya sauka daga dogo, tarago goma sha ɗaya suka zube ƙasa. Da aka zauna taro, sai aka rubuta cewa kai ne ka ɗaure notin, kai ka yi sakaci, aka dakatar da kai shekara guda. Ina wurin. Ni da na yi makarantar mishan, aka koya mini jayayya da hujja, ban buɗe baki ba. Wannan ma ya shiga cikin abin da nake furtawa yau.

Ka dawo bayan shekarar, ba ka ce wa kowa komai ba, ka ci gaba da gyara taragan mutane, har da na Hadebe. Na tambaye ka dalili, ka ce, "Tarago bai yi mini laifi ba, Mpala."

Shekara talatin ka yi kana gyaran manyan jirage na gaskiya, amma a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ka fi tsanani. Noti mai tsini na tarago mai gindin roba ne, mai siririn zare na mai gindin ƙarfe. In ya gaza tsawo, ƙugiya ta faɗi a hanya. In ya wuce, ya yi ɓarna a ciki inda ido ba ya gani. Kakan ɗaure har ya tsaya, sannan ka koma baya rubu'in juyi, don ƙugiyar ta samu sararin bin kwana. Lokacin da shaguna suka bushe, ba a samun ko ƙusa, kai kana bin kasuwa kana tsinto matattun agoguna da karyayyun tabarau da tsofaffin rediyo, kana kwance su. Abin da ka samu ka rarraba cikin battocin tabar shaƙa, batta sittin da huɗu, babu rubutu a kan ko ɗaya. Na ce ka rubuta. Ka ce, "Ku masu karatu ku ke mantuwa. Ni yatsana ya sani."

Da matata ta rasu, ba ka zo da wa'azi ba. Ka zo da kwali cike da taragai, ka ajiye a teburina, ka ce hannunka biyu ne, kana bukatar na uku. Wata uku kana zuwa. Hannuna na rawa, ka sani, amma ni kake ba riƙon tarago, in ya motsa ka ce, "Farfesa, wannan girgizar ƙasa ce ko kai ne?" Daga baya na gane cewa da maƙalin ƙarfenka za ka fi saurin gamawa.

Aikinka na ƙarshe shi ne jirgin kwal na Hwange, tarago talatin da shida, duk da hannunka ka ƙera. Tsofaffin ƙugiyoyinsu sun ci, kana sauya su ɗaya bayan ɗaya. Ka gama ashirin da tara, sai ciwo ya kwantar da kai.

Bayan jana'iza aka yi rabon kayanka kamar yadda ake yi, aka shimfiɗa su a tsakar gida, kowa cikin dangi ya karɓi abin tunawa. Ƙanwarka da ta zo daga Tsholotsho ta ga battocin, ta ce tsofaffin gida za su so su. Ba ta yi da mugunta ba. Ta samu kwanon tuwo, ta juye notocin duka a ciki, batta bayan batta, ta goge kowace batta tas. Da na iso ta miƙo mini kwanon tana murna. "Baba Mpala, ga ƙarafan abokinka, ko ɗaya bai zube ba." Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya.

Nan Hadebe ya matso, hularsa a ƙirji. Ya ce wa matarka MaNdiweni ƙungiya na son jirgin a baje kolin wata mai zuwa, don girmamawa. Na ce tarago bakwai ba su da ƙugiya.

Ya ce, "Haba Mpala, gam fa? Ɗigo ɗaya, wa zai leƙa ƙarƙashi?"

"Sunan wa za a sa?"

"Sunan ƙungiya mana, kamar kullum."

"Littafin 1987 fa?"

"Kai har yanzu? Tsohon nan, ka bar matattu su huta."

MaNdiweni ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Baba Hadebe, shekara talatin da takwas ina jin wannan magana a kan abinci, ba daga bakinsa ba, daga shirunsa. Mpala, kwashe taragan nan ka kai gidanka."

Suna gidana. Ku ji da kyau, 'yan kwamiti, tunda na san za ku karanta wannan kuna neman sunayenku. Gam ba zai taɓa aikin mutumin nan ba ina raye. In kuna son jirgin, ku buɗe littafin a gaban kowa, ku soke layin nan, ku rubuta wanda ya ɗaure notin. Sannan ashirin da tara su yi tafiya da sunan Mehluli Mlotshwa a gaba, bakwai su tsaya a gefe yadda ya bar su. In ba haka ba, ku cika teburinku da na kanti. Kuna iya dakatar da ni. Na san inda ake rubutawa.

Allah ya jiƙan ka, SaNomvula, ya yafe maka, ya ba ka hutun da ba mu ba ka ba. Ya yafe mini shiruna. MaNdiweni, Nomvula da ƙannenta, da dukan gidan Mlotshwa, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku.

Kwana tara na yi da kwanon nan da gilashin ƙara gani. Na gwada a tarago ɗaya, notin ya huda gindin. Ban sake gwadawa ba. Notocin taragai bakwai ɗin nan suna cikin kwanon, na tabbata, amma mutum ɗaya ne a Bulawayo ya san su, kuma mun binne shi ranar Asabar, 15 ga Maris.