Ƙanina Ya Tona Asirin Ofishin Mijina

A lokacin da abin nan ya same ni, ina koyarwa a wata firamare, mijina kuma babban jami'i ne a wata hukumar gwamnati mai rabon magunguna. Muna zaune a gidan gwamnati a Nassarawa GRA, hankalinmu kwance. Ƙanina, wanda ni na goya shi, ɗan jarida ne a wani gidan rediyo, kuma duk Juma'a a gidanmu yake cin abinci idan an sauko daga masallaci.

Wata safiya ina tuƙi zuwa makaranta na ji muryarsa a rediyo, yana cewa wani maganin zazzaɓin yara ya lalace a ma'ajiyar hukumar, manya sun sani, amma suka ce a rufe maganar a ci gaba da rabawa. Na gangara gefen titi na tsaya. A ranar aka dakatar da mijina, wai ta gidansa zancen ya fita. Ƙanina kuma jami'an tsaro suka tafi da shi. Mijina bai ɗaga mini murya ba. Sau ɗaya ya tambaye ni ko na taɓa faɗa wa yaron wani abu, na rantse masa da Allah ban ma san da maganar ba. Ya ce ya ji. Amma daga ranar, in wayarsa ta yi ƙara, cikin mota yake shiga ya amsa.

Da aka saki ƙanina na same shi a gidan mahaifiyarmu a Tudun Wada. Ni da nake yayarsa na durƙusa ina roƙonsa ya gaya wa mijina wanda ya ba shi labarin, ko da a asirce ne. Ya yi ta kuka, ya ce mutumin ma'aikaci ne da ya yi rantsuwar riƙe sirri, in sunansa ya fito gidan yari za shi, kuma amana ya ba shi. Hajiya ta dube ni, ta dube shi. Ni kuwa na kasa ce masa ya yi laifi, domin matar direbanmu ta gaya mini an kwashe maganin daga asibitinsu na Gawuna, kuma shi aka saba ba jaririnta.

Daga baya aka mayar da mijina wani ƙaramin ofis, muka bar gidan. Aurenmu yana nan, amma hira ta mutu. Ƙanina bai sake tako mana gida ba.

Na fahimci cewa idan hukuma ta ɓoye abin da ya shafi ran jama'a, dole wani ya faɗa, kuma ba waɗanda suka ɓoye ba ne ke shan wahalar. Ku masu riƙe da ofis, ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya da bakinku tun da wuri. Ni ban ɓoye ba, ban tona ba, amma har yau ni ake kallo.