Cigiyar Barau

In ka ci miyar kuka a Sheme zamanin da Turawa ke ƙasar nan, da wuya in ba daddawar Hajaratu ka ci ba. 'Yar guntuwar mace ce, baƙa, mai ƙaramar murya, wadda warin kalwa ke riga ta shiga kasuwa. Uwarta, Inna Baraka, ita ta koya mata sana'ar tun tana 'yar mitsitsiya: a dafa kalwa ta yi laushi, a surfe da toka, a wanke a rafi, a rufe da ganye har ta yi, sannan a kirɓa a mulmula. Ta yi aure a Mabai, mijin ya rasu bai bar mata ɗa ba, ta dawo gidan ubanta ta ci gaba da hura wuta ƙarƙashin tukunya. Ba ta faɗa da kowa, ba ta ɗaga murya. Amma fa Allah ya kiyashe ka da riƙonta! Akuyar da ta ɓarar mata da kalwa tun tana budurwa, har jikokin akuyar nan ba su sha ƙasari a ƙofar gidanta ba.

Ƙane ɗaya gare ta, Barau, kuma a bayanta ya girma. Dogo ne, mai fara'a, mai daɗin baki, ga cindo a hannun hagu. Ya fara noman auduga ya bari, ya fara dillancin jakai ya bari, ba abin da ya taɓa kai wa ƙarshe in ba tuwo ba. Da kakar 1951 aka haɗa ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, Inna ta ce ita ma sai ta ga ɗakin Allah kafin ta mutu. Barau ya bugi ƙirji.

"Yaya, ki bar mani Inna," in ji shi. "Ko jaki ya gaji, ni in goye ta."

Hajaratu ta daka masu gumba, ta ƙulle ƙuli-ƙuli da daddawa a tsumma, ta ɗaga tsohuwa da hannunta ta aza bisa jaki. Ta raka su har bayan gari, ta tsaya tana kallo sai da karan dawa ya rufe su.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, wata ta sake biyowa, shiru. Sai ga Alhaji Nata'ala, mutumin Kankara da suka tashi ayari ɗaya, ya dawo a rame, gemu ya yi fari fat. Hajaratu ta ajiye tallarta ta je ta durƙusa gabansa.

"Alhaji, mi ya sami Inna?"

Dattijo ya so ya kauce, ta ƙi tashi. Daga ƙarshe ya faɗa. Can gaba da garin Lami, a ƙasar da Faransa ke mulki, inda rijiya ke nesa da rijiya, ciwon ciki ya kama Inna har ba ta iya zama bisa jaki. Ita da ɗanta suka rage a baya. Washegari Barau ya cim ma ayari, shi da jaki, ba tsohuwa. Ya ce ta cika, ya rufe ta. Aka yi masa gaisuwa. Bayan 'yan kwanaki wasu Zazzagawa da ke biye suka iso, suna ba da labarin wata tsohuwa da suka tarar gindin aduwa ita kaɗai, ga gora ba ko ɗigon ruwa, jikinta bai ma gama sanyi ba. Su suka yi mata sutura. Da suka kwatanta zanen fuskarta da tsumman daddawar da ke ɗaure a ƙugunta, kowa ya waiga neman Barau, Barau kuwa ya yi layar zana.

Hajaratu ba ta yi kuka ba. Ta gode wa Alhaji, ta ɗauki tallarta ta sayar tas, sannan ta kama hanyar Faskari wurin 'yan doka. Abu ɗaya take so: a kawo mata Barau, ya tsaya gaban mutanen Sheme ya faɗa da bakinsa ko Inna na da rai sa'ad da ya juya mata baya.

Saje Mani ya saurare ta yana sosa kunne da tsinke.

"Baiwar Allah, ba kisa ya yi ba, ba sata ya yi ba, ba ki da shaida, ga shi ƙasar wani ce. Wa zai kama maki shi? Da dai ɓata ya yi kina cigiya, wannan da sauƙi. Mu aika Katsina, su buga waya gaba, 'yan sandan Faransa su duba, na Sudan ma su duba. Ɓataccen mutum kowa na taya nema."

Ta ce, "Ashe haka ne, ranka shi daɗe?" Ta tashi ta tafi.

Da kasuwa ta zagayo sai ga ta ta dawo, mayafi ya jiƙe sharkaf da hawaye. Wayyo ƙanenta, wayyo ɗan uwarta, shi kaɗai ya rage mata a duniya, ƙila baƙin cikin mutuwar Inna ne ya juya masa hankali! Matar da ba ta zubar da ƙwalla ɗaya ranar da ta ji mutuwar uwarta ba, ran nan har malamin ofis sai da ya share ido. Saje ya san akwai lauje cikin naɗi, amma cigiya cigiya ce. Ta kwatanta masu Barau tun daga tsayi har cindo, har yadda yake taka ƙafar dama a karkace, aka aika.

Ba ta tsaya nan ba. Akwai Malam Gide mai shela, tsohon da ke zagaya kasuwa da 'yar gangarsa yana cigiyar akuya ko yaron da ya ɓace cikin taro. Hajaratu ta ɗauke shi aiki, ladansa daddawar gidansa ta kowane mako. Ranar kasuwar Sheme sai ka ji ya buga ganga ya ɗaga murya:

"Jama'a, ana cigiya! Hajaratu mai daddawa tana cigiyar ƙanenta Barau. Ya fita da jaki, da tsohuwa bisa. Wanda ya gani, don Allah don Annabi!"

Ita kuma ta bi kasuwanni da ƙafarta, Kankara, Faskari, har Sabuwa cikin dajin nan mai wuyar shiga, tana tare fatake da direbobin lorin auduga tana ba su sallahu. Mata na nuna ta ga 'ya'yansu suna cewa ku ga zumunci, shi ya sa aka ce a ƙafa yake. Da sun san abin da ke tafasa cikin cikinta, da sun ja yaransu gefe.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ana cikin ɗibar auduga wata shekara, ɗan doka ya zo a keke ya ce Saje na kira. 'Yan sandan Sudan sun tsinci wani Bahaushe mai cindo a gonakin audugarsu, gyambo ya ci masa ƙafa, ba ya iya aiki. Ya canza suna, amma cindo bai canzu ba. Aka haɗa shi da alhazan da guzuri ya ƙare wa, daga wannan hannu zuwa wancan, daga wannan lori zuwa waccan, har Funtuwa, har Faskari. Da aka gaya masa yayarsa ce ke nemansa tana kuka, wai shi ma kuka ya yi don murna. Sakarai!

Rabin mutanen Sheme suka bi ta don ganin haɗuwar 'yan'uwa. Ga Barau zaune a ƙasa, ya tsufa ya fi ta, ƙafa naɗe da tsumma, ƙuda na bi. Yana ganinta ya miƙo hannu.

"Yaya!"

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, a natse, kamar mai duba kalwa ko ta yi ƙwari. Sannan ta juya ga Saje.

"Ba shi ba ne."

"Kamar yaya ba shi ba ne? Ga cindon nan!"

"Masu cindo da yawa a duniya, ranka shi daɗe. Wanda nike cigiya ya fita da jaki, da tsohuwa bisa. Wanga shi ɗai ne. Ina tsohuwar?"

Barau ya ce ai Inna ta rasu a hanya, shi ya rufe ta da hannunsa. Hajaratu ta gyara mayafi ta ce Allah ya haɗa bawan Allah da danginsa, ta juya. Saje ya yi rantsuwa ya yi zagi, ya ce an wahalar da 'yan sandan ƙasa uku a banza, ya kori kowa.

To, a wajen mutanenmu, abin da ake cigiya mai cigiya ne kaɗai ke cewa an gani. Ko ka tsinci akuya ka san ta wane ce, in mai ita ya ce ba tasa ba ce, bakinka ya mutu. Kowa a Sheme ya san Barau ne, amma wa zai riga Hajaratu faɗa? Tun da labarin aduwar nan ya fara yawo ma, ba mai marmarin yi masa shaida. Ya ja ƙafa ya zo ƙofar gidan ubansa, ta leƙo ta ce gidan mata ne, baƙo ya nemi zauren mai unguwa. Ya koma wata rumfa a bakin kasuwa ya zauna. Yara suka sa masa suna Baƙo, manya suka ɗauka. Ana ba shi tuwo yadda ake ba baƙo, ita ma takan aika masa da nata, da miya mai daddawa, don kada yunwa ta raba ta da shi.

Kuma ranar kasuwa Malam Gide ya buga ganga, ya bi layin masu hatsi, ya bi na mahauta, ya zo daidai rumfar nan ya tsaya:

"Ana cigiyar Barau! Ya fita da jaki, da tsohuwa bisa!"

Mutum na zaune da ransa, ana nemansa a kan hancinsa. Tun yana dariyar yaƙe har ya koma rufe kai da bargo. Malam Gide kansa abin ya ishe shi, ya ce wa Hajaratu, "'Yar nan, ki ji tsoron Allah, bakina ya fara nauyi." Ta ƙara masa daddawa. Liman ya kira ta ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta durƙusa da ladabi ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Uwa fa, ana yar da ita?" Liman ya ja carbinsa ya sallame ta. Daɗi take ji, kada wani ya ce maka ba ta ji. Duk bugun gangar nan sai ta ji sanyi ya ratsa mata ƙirji, ta koma gida ta ci tuwo ta ƙoshi.

Rani ya wuce a haka, damina ta faɗi. Wata ranar kasuwa ana yayyafi, Malam Gide ya zo gaban rumfa ya ɗaga sandar ganga, sai Baƙo ya dafa ginshiƙi ya miƙe tsaye a kan ƙafa ɗaya.

"Malam, tsaya. Ga ni. Ni ne Barau."

Masu awo suka saki mudu. Hajaratu na zaune bayan faifanta, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Da ranta na bar ta," in ji shi, da ƙarfi yadda har mahauta suka ji. "Na ga ruwa ya kusa ƙarewa, na ga ayari ya yi nisa, tsoro ya kama ni. Na jingine ta gindin aduwa na ce za ni neman rijiya. Ƙarya nike, kuma ta sani. Tana kallona na kwance jakin."

Wata mai fura ta yi salati ta fashe da kuka. Hajaratu ta ce, cikin 'yar muryar nan tata, "Mi ta ce?"

"Yaya, ki bar shi haka nan."

"Mi ta ce?"

Ya share fuska da hannun nan mai cindo. "Ba ta tsine mani ba. Ba ta ce in dawo ba. Na fara tahiya ta kira ni, ta ce, Barau, in Allah ya kai ka gida kada ka hwaɗa wa Hajaratu. Ka san ta, ba ta yahiya."

Hajaratu ta daɗe tana kallon daddawar da ke gabanta, ruwan sama na ɗiga a kai, ba ta rufe ba. Duk shekarun nan tana zaton tsohuwa ta mutu tana kiran sunanta ta zo ta rama mata. Ashe da sauran numfashinta ɗanta take ɓoyewa, kuma daga Hajaratu take ɓoye shi. Nan ne kukan gaskiya ya zo mata, mummunan kuka, ba irin na ofishin Saje ba, har sai da mata suka rirriƙe ta.

Da ta samu kanta ta fyace hanci da gefen zane ta kira mai shela.

"Malam Gide, hwaɗa masu an ga Barau. Wagga maganar ta Inna ce, ba mai iya ƙirƙiro ta."

Liman ya matso da sauri, yana ganin ƙofa ta buɗe. "Alhamdu lillahi. To 'yar nan, tunda ya tuba gaban jama'a, sai ki yafe masa."

Ta ɗora faifai a ka, ta dubi ƙanenta, ta dubi liman.

"Malam, Inna ba ta taɓa yi mani ƙarya ba. Ba ni mai da ta maƙaryaciya tana kabari."

Ta buɗe masa ɗakin ubansu, ta wanke masa gyambo da ruwan zafi safe da yamma har ya warke, ta ciyar da shi shekara da shekaru. Amma har aka ɗauki gawarta daga gidan nan, Barau bai sake jin ta yi masa magana ba.