Shekarar da Na Kori Jemagu

Mahaifiyarmu ba ta bar mini gona ba, ɗorawa ta bar mini. A ƙauyenmu da ke kusa da Ketare wannan ba baƙon abu ba ne: ƙasa ta wani, itacen da ke tsaye a kanta na wani. Gonar ta faɗa hannun ƙanena, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma tawa ce. Ni ke cire 'ya'yanta, shi kuma ya haƙura da inuwar da take yi wa masararsa. Sharaɗin da kowa ya sani, ko ba a faɗa ba, shi ne muddin tana haihuwa babu mai ɗaga mata gatari.

Da kalwar ɗorawar nan nake daddawa, kuma ba yabon kai ba, daddawata ta yi suna. Mata daga Sheme sukan aiko musamman a saya musu. Ni mace ce mai son a yi abu yadda na ce, kuma yawanci yadda na ce ɗin ne daidai. Wannan karon ne dai na tafka ta.

A bakin rafin da ya yi iyaka da gonar akwai manyan itatuwan maɗaci guda biyu, kuma a cikinsu jemagu ke wuni, sun rataye kamar an shanya tsummokara. Idan bazara ta matso ɗorawa ta fitar da tutu, wato jajayen furanninta masu lilo, da magariba ta yi sai su taso su rufe ta. Da safe in na je sai in tarar da tutu a zube a ƙasa, wasu duk shaidar farce a jikinsu. Raina yakan ɓaci ƙwarai. Lissafina shi ne duk tutun da ya faɗi, kalwata ce ɓarayin nan suka zubar.

Saboda haka da masu yankan katako suka zo da injinsu suna tayin maɗatan, ni na tsaya wa ƙanena a ka. Shi da farko ya yi ta nuƙu-nuƙu, wai tun zamanin kakanmu suke nan. Na ce masa kakanmu ya bar mana su ne don mu amfana, bai bar mana su don mu yi kiwon jemage ba.

Maƙwabcin gonarmu wani dattijo ne da muke kira Baba. Iyayensa a kan addinin gargajiya suka rasu, shi kuma coci yake zuwa, amma bai yar da al'adun noman gidansu ba. Ɗaya daga ciki ita ce ba su saran itacen da jemagu ke kwana a kai. Ranar da za a yi yankan ya dogaro sandarsa har bakin rafi, ya ce mini, “Ɗiyata, ki bar iccen ga. Ɗorawarki za ki cuta.”

Na yi dariya a gaban mutane. Na ce, “Baba, mu hwa mun bar canhi. In iskoki ne a ciki, su nemi wani gidan.”

Ya juya ya koma gonarsa. Aka kayar da babban maɗacin a wuni ɗaya, masu injin suka ce za su dawo wa ƙaramin baɗi. Jemagu suka yi ta shawagi da rana tsaka sun rasa wurin sauka, ni kuwa na koma gida ina jin na yi maganin ɓarayi.

A bazarar nan ɗorawa ta yi tutun da ban taɓa gani ba, ta yi jawur tun daga sama har ƙasa, kuma babu mai damunta. Har na fara tunanin ƙaro tukunya. Sai tutun ya bushe ya kakkaɓe, inda ya kamata a ga 'ya'ya sun zubo tsintsiya-tsintsiya sai ɗaya nan, biyu can. Abin da na tara bai cika ƙwaryar da nake auna na reshe guda ba. Wani zai ce ai ɗorawa takan huta wata shekarar. Na sani, tun ina goye ake zuwa da ni gindinta, na san hutunta. Wadda za ta huta ba ta yin tutu irin wannan.

Dole na sayi waken soya na yi daddawa da shi. Wata dattijuwa da ta daɗe tana saya a wurina ta shinshina, ta kalle ni, ta ajiye ta wuce. Na ji kunyar da har yau in na tuna nakan ji ta.

Da damina ta yi nisa ƙanena ya zo mini da maganar da nake gudu. Ya ce, “Yaya, kin ga masarar da ke ƙarƙashinta ko kahwaɗata ba ta kai ba. Da tana haihuwa sai in yi shiru. In masu injin sun dawo, a haɗa da ita kawai.”

Gaskiyarsa ce, bisa al'ada ba ni da bakin hana shi. Amma wannan itacen shi kaɗai ne abin da Inna ta ce nawa ne da bakinta. Na haɗiye girman kaina, na dafa tuwo na ɗauka zuwa gidan Baba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo ne a gaya mini abin da na ƙi ji.

Ya ce, “Kin taɓa riƙe jemage a hannunki lokacin tutu?” Na ce Allah ya kiyaye. Ya yi murmushi. “Mu muna yara mun sha kama su. Ƙirjinsu da huskarsu duk gari ne, kamar wanda ya ratsa gonar gero lokacin bununi. Zumar tutu yake sha, amma garin wanga icce yake kai ma wancan. In bai kai ba, mi za ta haihwa? Ƙudan zuma na taimakawa da sahe, amma babban aikin nasu ne. Iyayenmu ba iskoki suke tsoro ba, miya suke so.”

Ashe ma'aikatana na kora, har ina yi musu kirarin ɓarayi.

Bayan girbi masu injin suka dawo. Ƙaramin maɗacin na nan da 'yan jemagun da suka rage, ba su kai rabin rabin na da ba. Tun da sassafe na riga su zuwa, na shimfiɗa tabarmata a gindinsa, na baza faifan gyaɗa ina ɓara. Babbansu ya ce, “Hajiya, ki matsa mana.” Na ce ban gama ba tukuna. Rana ta ɗaga, ya sake magana, na ce har yanzu da saura. Babu wanda zai tayar da inji uwar wasu na zaune a ƙasa, sun sani, ni ma na sani.

Aka kira ƙanena ya zo yana huci. “Yaya, ba ke kika sa a sare na farkon ba?”

Na ce, “Ni ce, kuma na yi kuskure, ga mutane nan su ji. Ka ba ni bazara ɗaya. Ka bar wanga maɗaci, ka bar ɗorawa. In ba ta haihu ba, ka sare su duka biyun, ni zan kawo ma masu aiki ruwan sha.”

Ya dube ni ya girgiza kai. Tun muna yara bai taɓa jin na ce na yi kuskure ba, ina jin abin ne ya ɗaure masa kai har ya amince. Masu injin suka ɗora kayansu a babur suka tafi suna gunaguni.

Bazarar nan kullum bayan la'asar ina gona. Ni da ke jifan jemagu da hoge, na koma ina tsayawa ina ƙirga fitowarsu daga maɗaci, ina cewa ku zo, ku sha, ku ƙoshi. Na hana masu danƙo zuwa bakin rafin, na yi faɗa da maharba biyu. Ƙanena ya laƙa mini Sarauniyar Jemagu, har matan gidanmu suka ɗauka. Ban damu ba. Abin da ke raina shi ne ko waɗanda suka ragen za su isa.

Tutu ya bushe. Na ƙi zuwa gonar har kwana goma, don tsoro nake ji. A rana ta goma sha ɗaya ƙanena ya shigo gidana da hantsi, ko sallama bai gama ba, ya ajiye wani abu a kan tabarma. Damin 'ya'yan ɗorawa ne ɗanyu, dogaye, sun fi ashirin a kara guda.

Ya ce ba ko'ina ta yi haka ba, ɓangaren da ke kallon rafi ne ya fi cika. Sannan ya sosa ƙeya ya ce, “Na zaga kututturen babban maɗacin, ya yi toho har uku. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki.”

Na tambaye shi, to masararsa fa?

Ya ce, “Wake zan sa a ƙarƙashinta. Ke dai ki nemo doguwar gora, bana da kaina zan hau in kaɗo miki.”