Abin da Likita Bai Tambayi Farwane Ba

Farwane 'yar birnin Isfahan ce. A nan aka haife ta, a nan ta koyi zana furanni da shuɗin fenti a kan farantan tagulla. Tana da shekara ashirin da shida ta auri Bahram, direban tasi mai yawan barkwanci, suka yi shekara huɗu cikin zaman da maƙwabta ke kwatance da shi.

Sai ciwo ya shigo mata ta ido. Wata safiya ta tashi tana gani dishi-dishi, bayan wata biyu ƙafar hagu ta yi nauyi. Likita ya ce cutar jijiyoyi ce mai taɓa laka da ƙwaƙwalwa. Ba ta warkewa, amma allura na rage mata ƙarfi. Duk zuwa sai ya tambayi ido, ya tambayi ƙafa, ya sa ta taka layi. Abu ɗaya ne bai taɓa tambaya ba, ita kuma kunya ta ɗaure mata baki.

Daga cibiya zuwa ƙasa jikinta ya koma kamar na aro. In mijinta ya kusance ta, wani lokaci ba ta jin komai, wani lokaci raɗaɗi kamar an zuba barkono, ga fargabar kada fitsari ya kuɓuce mata. Sai ta shiga kawo uzuri, yau ciwon kai, gobe gajiya. Bahram bai yi faɗa ba. Hirarsa dai ta koma tasha, gida kuwa sallama da cin abinci.

Ta gwada faɗa wa yayarta. "Ke dai gode wa Allah kina taka ƙafarki," in ji ta. "Wace mace ce ke lissafin wannan bayan shekara biyar da aure?"

Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce, Shukufe, ta buɗe zancen ranar allura. "'Yata, ya kuke da maigidan? Ba cefane nake tambaya ba." Farwane ta yi kuka har sai da aka jinkirta allurar. Shukufe ta ce aikin cutar ne, mata da yawa na fama da shi a ɓoye, ta haɗa ta da likitar mata.

A cikin tasi ta gaya wa Bahram, da rana tsaka, idonta a kan titi. Ya tsayar da mota.

"Shekara biyu ina zaton ƙyamata kike yi," ya ce.

Ya raka ta wurin likitar sau ɗaya, ya zauna yana kallon takalminsa. Magani ya rage raɗaɗin, amma jin bai dawo duka ba. Yanzu Bahram lallaɓa ta yake kamar ƙwai. Shi ke haɗa shayi, shi ke ɗaukar mata kaya, ya kuma matsar da shimfiɗarsa gefe don kada ya cutar da ita. Har yau Farwane ba ta sami bakin gaya masa cewa tana so ya riƙa taɓa ta ba.